Lanƙwasa Ba Ado Ba Ce

'Yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, akwai abin da muka daɗe muna haɗiye shi, yau kam sai mun amayar. Ƙungiyarmu ta ɗaliban Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa ta kai takardar gayyata wani shagon buga takardu. Muka rubuta cewa za a karɓi baƙi a fada, kuma ba ma son faɗa. Da takarda ta fito, babu lanƙwasa ko ɗaya: baƙi sun koma baki, faɗa da fada sun zama abu guda. Da muka yi magana, sai mai shago ya ce ai kowa zai gane.

To, mu ba mu yarda ba. Ƙasa daban, kasa daban. Ɓari daban, bari daban. Wannan 'yar ƙugiya da ke kan ɓ da ɗ da ƙ ita ce harafin, kuma tana da mazauninta, kamar yadda ɗigo yake da nasa a ajami.

Abin kunyar shi ne magabata sun yi wannan aiki da kayan da ba su kai namu ba. A shekarun 1930 Dokta Rupert East da abokan aikinsa a Zariya suka tsayar da haruffa masu lanƙwasa, kuma Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939 Abubakar Imam yana editanta, da haruffan dalma aka riƙa buga ta. Akawun da tafiretarsa ba ta da ƙ kuwa, sai ya gama bugu ya bi layi-layi da alƙalami yana ɗora wa kowane harafi ƙugiyarsa. Tun 1991 tsarin Unicode ya ba waɗannan haruffa lambobinsu a kwamfuta. Ina uzurin yake?

Masu ƙoƙarin ma wani lokaci ɓarnarsu ta fi ta masu sakaci. Wani ya manna waƙafi a gaban k, wani a bayanta, shafi ɗaya salo uku. Wani ya zaɓi zanen haruffan da babu ɗ a cikinsa, kwamfuta ta aro daga wani zanen, sai ka ga harafin ya fi 'yan'uwansa kauri ko tsawo, kamar baƙo a sahun salla. Haka waƙafin 'ya'ya: na'urar tana ɗaukarsa alamar buɗe zance, ta juya masa fuska, ba wanda ya duba.

Saboda haka muna kira ga duk sakataren ƙungiya da duk akawun ƙaramar hukuma: ku nemi a ba ku gwajin bugu kafin a buga, ku duba harafi-harafi, kada ku biya kuɗin takardar da aka yi wa aski. Tamu dai mun mayar da ita, an sake bugawa.