Zancen Asusu: Kuɗin cin rani ruwan sama ne, a tara tulu

An gama girbi, tashoshin mota sun cika. Mazan Adar sun nufi Abijan da Kamaru, na Maraɗi da Damagaram sun nufi Kano da Legas, wasu kuma sun bi ta Agadas zuwa Libiya da Aljeriya. Mu anka bari da gida, da yara, da tsofaffi, da bisashe.

Ba mu ƙin cin rani. Baki ɗaya ya ragu a kan rumbu, kuma aiken da ke shigowa ta Nita ko Amana shi ke sayen hatsi lokacin bazara, ya biya magani, ya yi suturar salla. Garuruwa da yawa da shi suke tsaye. Amma kuɗi ne wanda igiyarsa ke hannun wasu.

Ku duba Naira. A 2015, wanda ya aiko Naira dubu, sai a canza ta fiye da jika biyu. Yau ba ta kai rabin jika ba. Mai gida bai rage wahala ba, kuɗin ne sunka narke a hanya. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyaka, ba a buɗe ba sai ƙarshen 2020. A 2023 ma anka sake rufewa. Libiya kuwa, yaƙin 2011 ya koro dubban ƴaƴanmu hannu wofi.

Hanyar arewa ta fi ciwo. A watan Oktoba na 2013, mutum 92 sunka mutu da ƙishirwa tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya bayan motocinsu sun lalace. Galibinsu mata ne da yara ƴan yankin Kance. Har yau ana koro mutane daga Aljeriya a zube su Asamaka. Wasu baƙin ma a cikin rairayi ake sauke su, su taka kilomita wajen 15 da ƙafa. An soke dokar 2015 mai hana jigilar ƴan ci-rani a watan Nuwamba na 2023, motoci sun koma hanya, amma hamada ba ta san an soke doka ba.

To mu mata masu dubara, mi ya rage garemu? Tun 1991 da anka fara irin ƙungiyoyinmu a jihar Maraɗi, asusu bai taɓa jiran bakin iyaka ba. Ga shawarata, kowace ƙungiya ta tattauna ta ranar zubi.

In aike ya zo, kafin a taɓa shi, a cire wani abu a kai asusu, ko da dala ɗari ce cikin jika biyar. A sa shi cikin abin da ke haihuwa: akuya, gyaɗar ƙuli-ƙuli, ko wake da za a aje zuwa bazara. Kuma tun kafin mai gida ya tashi, ku zauna ku yanke abin da za a yi da aiken, kar ya ƙare a biki da gudunmawa.

Sannan maganar da ba ta da daɗi. In ƴar ƙungiya ta nemi bashi don kuɗin motar hamada, balle da yara a kai su bara, kar mu ba ta. Kar kuma mu kore ta da baƙar magana. Yunwa ce ta tura ta. Mu ba ta jari, mu tsaya mata har ta miƙe, yaranta su zauna lakkol. Bashin sana'a yana dawowa akwati. Na hamada, wani sa'in har mai shi ba ta dawowa.

Da ruwan ciki akan ja na rijiya. Allah ya tsare matafiyanmu, ya maido mana su lafiya. Sai fitowa ta gaba.