Kafin a tsine wa fim ɗin Atlantique

Tun da wasu samarinmu suka fara kallon fim ɗin Atlantique a wayoyinsu, ake ta kai ƙara zauren dattawa cewa Faransawa sun kawo mana shirka, domin an nuna matattu suna dawowa. Mu da muke riƙe da alƙalami a zauren nan mun zauna mun kalle shi tun daga farko har ƙarshe, domin gani ya kori ji.

Mati Diop ce ta shirya shi, 'yar Faransa mai tushe a Senegal, kuma ya sami babbar lambar yabo ta Grand Prix a bikin fina-finai na Kan a 2019. Labarinsa na leburorin gini ne a Dakar, waɗanda maigidansu ya hana su ladan watanni, har suka shiga kwalekwale suka nufi Sifen, teku ta cinye su. A cikinsu akwai Sulaiman, masoyin Ada, yarinyar da ake shirin aurar wa wani mai kuɗi. Bayan haka ruhohin samarin suka riƙa hawa kan 'yan matan unguwa da dare, suna zuwa gidan attajirin suna neman haƙƙinsu.

Mun yi karatun allo, mun yi na littattafai. Mun sani wanda ya rasu yana barzahu, ba ya komowa, kuma ba mu roƙi kowa ya gaskata fatalwa ba. Sai dai malamanmu sun koya mana cewa ana buga misali domin mai hankali ya farga. Misalin nan kuwa da mu yake.

Samari nawa suka bar Zango, Aboabo da Sabonjida, suka bi ta Paga zuwa Wagadugu da Yamai, suka kai Agadas, daga nan labarinsu ya yanke a hanyar Libiya? Babu gawa, babu jana'iza, babu kabarin da uwa za ta ce nan ɗanta yake. Matansu suna zuwa zaure da goyo a baya suna tambaya: «Baba, ni matar aure ce, ko takaba ta hau kaina?» Sai a ce musu su yi haƙuri, a sallame su.

Alhali fiƙihunmu na Malikiyya bai bar wannan mas'ala ba. Risala ta kawo hukuncin matar wanda ya ɓace: ta kai ƙara, a yi bincike, a yanka mata wa'adin shekara 4, sannan ta yi idda irin ta mamaci, ta sami damar yin wani aure. Matan Zango nawa aka taɓa karanta wa wannan babi? Iyayen gida nawa ne suke riƙe ladan yaran shagonsu da leburorinsu, har yaro ya ga hamada ta fi masa garin haihuwarsa? Laifi tudu ne, mun taka namu muna hangen na Faransawa.

Saboda haka muna kira ga Sarkin Zango, limamai da masu unguwanni: a buɗe littafi a rubuta sunan duk wanda ya tafi aka daina jin ɗuriyarsa, da ranar tafiyarsa. A kafa zaman malamai da zai saurari matansu bisa shari'a. Wanda yake riƙe da guminsu kuma ya biya magada tun yana da rai.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya bayyana waɗanda suka ɓata, amin.