Ra'ayi: Kada mu sayar wa ƴan gwangwan ragar gaban tsofaffin motocinmu

Jama'a, duk mai cin kasuwannin kan iyaka, daga Konni da Illela har Ɗan Isa da Jibiya, ya san irin wahalar da Peugeot 404 da 504 a-kori-kura suka sha da buhunan wake da albasa. An fara ƙera 404 a Faransa a 1960, ita kuwa 504 a 1968, kuma an ci gaba da harhaɗa ta a Kaduna shekaru masu yawa bayan Faransa ta daina. Yau abin takaici shi ne, da ragar gaban irin waɗannan motoci ta lanƙwashe ko ta yi tsatsa, sai a ɓalle ta a auna wa ƴan gwangwan a kilo, a ɗaura ta roba ko a bar gaban haka nan. A ganina wannan asara ce.

Ragar nan ba ado kawai ba ce. Ita ke tare tsakuwa da ƙirare kada su huda lagireto, tana kuma barin iska ta ratsa. Lagireto ya huje a daji da lodin tumatir, uwar kuɗi da riba sun tafi. Ta roba kuwa, zafin rana yana busar da ita ta karye, kuma ba ta gyaruwa. Ta ƙarfe ana miƙe ta, a goge, a mayar. Ko Land Rover da ta koma ragar roba a 1971, masu tara tsofaffin motoci ba su daina neman ta ƙarfen ba.

Sai dai gyaran yana da ƙa'ida. Da farko a ɗora maganaɗisu. In ya kama, baƙin ƙarfe ne: a kankare tsatsar da samfefa, a shafa fentin ƙasa mai hana tsatsa, sannan na sama, siriri, kada ya toshe ƙofofin iska. In bai kama ba, a yi hattara. Wataƙila alminiyam ne, wanda soda mai ƙarfi ke cinyewa. Wataƙila kuma gamin tutiya ne, wanda ke narkewa tun zafi bai kai digiri 400 ba, mai walda na kai masa wuta sai ya zube. A miƙe sandunan a hankali da guduma ta katako. Ruwan batir kuwa kada ya kusance ta.

Farin ƙyallin da ke kan wasu shafe ne hawa-hawa: tagulla, nikel, sannan kurom. In ya ɓare, fentin azurfa ba ya mayar da shi, kuma sinadarin shafen guba ne, ba aikin tsakar gida ba. Gara a fenta ta tsaf da a yi mata ƙyallin ƙarya.

Wani zai ce ta roba ta fi araha, kuma ba ta cin lokaci. Gaskiya ne a ranar saye, amma araha ba ta ado. Wanda ya saya sau uku ya biya abin da ya fi ladan mai gyara, kuma ranar sayar da motar, mai saye kayan asali yake fara dubawa.

Don haka, ya ku masu motoci da makanikai, ƙarfen da aka narkar ba ya dawowa. A gyara, a adana, a koya wa yaran gareji wannan aiki. Da tsohuwar zuma ake magani. Allah ya ba mu sa'ar kasuwa.