Mun Adana Lifidi, Mun Bar Tukunya

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan Sallah a Talata Mafara ko Bakura ko Maradun ya san irin ɗawainiyar da muke sha don mu dawo da jiya a gaban idon 'yan yau. Akan fito da lifidi da sulke, a naɗa rawani irin na kaka da kakanni, a busa kakaki da algaita, maroƙa kuma su jero sunayen mazan da suka riga mu gidan gaskiya. Da wani mahayi zai shigo jerin da hular hana-sallah a kansa, ba sai dogarai sun wahala ba, 'yan kallo ma sun isa su sauke shi. To amma da an kwance sirdi, an koma gidajen da ake saukar baƙi, me ake kawowa? Dafa-dukar shinkafar waje ce, ta yi jajir da tumatirin gwangwani, an danna ta cikin robar da za a yar, ga lemon kwalba a gefe. Ban taɓa jin wanda ya ce wannan ya ɓata tarihi ba. Ni kaina na ci na sha, na yi hamdala shekara da shekaru, abin bai dame ni ba sai bana.

Abin da ya tsikare ni wasu hotuna ne da wani tsohon ɗalibina mai karatu a Istanbul ya turo mini. Ya je wani gidan abinci da ba su dafa komai sai abin da suka tono daga tsofaffin littattafai da takardun ɗakin girkin fadar Daular Usmaniyya. Da na bi diddigin lamarin, sai na tarar sana'a ce babba, kuma ba Turkawa kaɗai ke yin ta ba. A Amurka akwai wata ƙungiya mai suna Society for Creative Anachronism, wadda aka kafa a garin Berkeley a 1966. 'Yan ƙungiyar kan taru su yi shigar mutanen da, su kwaikwayi fada da fagen daga, sa'an nan su zauna walima. Masu dafa walimar kan yi ta jayayya a kan ko ya halatta a sa wani abu a tukunya, tunda mutanen zamanin da ake kwaikwayo ba su san shi ba. Abincin Bagadaza da na Andalus da na Turkiyya na daga cikin waɗanda suke yawan dafawa, saboda dalili guda: an rubuta shi.

A ƙarni na 10 wani marubuci a Bagadaza, Ibn Sayyar al-Warraƙ, ya tattara girke-girke sama da 600 na gidajen halifofin Abbasiyawa da fadawansu a littafi guda mai suna Kitab al-Tabikh. A 1226 wani kuma, Muhammad bin al-Hasan al-Bagadadi, ya rubuta nasa mai wannan suna, da girki 160. Shekara 32 bayan haka, a 1258, rundunar Mongol ta rusa Bagadaza, ta kashe halifa. Littafin ya tsira, kwafinsa na asali yana Istanbul har yau. A ƙarni na 15 wani likita, Muhammad bin Mahmud Shirwani, ya mayar da shi harshen Turkanci, ya ƙara da nasa girke-girken. A. J. Arberry ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1939, Charles Perry ya sake fassara shi a 2005, ita kuma Nawal Nasrallah, 'yar Iraƙi, ta fitar da fassarar na al-Warraƙ a 2007. Da haka ne mace a Kalifoniya take iya ɗora tukunyar sikbaj, wato naman da ake dafawa da ruwan khal da zaƙin dabino ko zuma, kusan yadda aka ɗora ta a bakin kogin Dijla shekara 800 da suka wuce.

Akwai wani sinadari da ya cika littattafan nan, ana ce masa murri. Larabawa sun daina yin sa tun da daɗewa. Kullun sha'ir ake cuɗawa, a naɗe shi da ganyen ɓaure, a bar shi ya ruɓe kwana 40, sa'an nan a haɗa shi da gishiri da ruwa a sake barin sa. Perry ya bi bayanin daki-daki ya haɗa shi, ya ce ɗanɗanonsa ya yi kama da romon waken suya na mutanen Sin. Da na karanta wannan sai na yi dariya ni kaɗai, domin aikin da murri ke yi a tukunyar halifa shi daddawa ke yi a tukunyar uwata. Bature ya ruɓar da sha'ir wata da watanni don ya gano abin da tsofaffin Bakura ke yi da kalwa da 'ya'yan yakuwa duk kaka.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan labarin nesa ne. Wani ɓangare na wancan ɗakin girki yana cikin kayan garar 'ya'yanmu. Sunayen ma sun isa shaida: alkama daga al-ƙamh, albasa daga al-basal, kanumfari daga ƙaranful, alkubus daga al-khubz, gurasa daga ƙursa, tanderun da ake gasa ta daga tannur. Alkaki ɗan'uwan ka'ak ne, gireba kuwa ita ce guraiba da ake toyawa daga Masar har Maroko. Hanyar da suka biyo sananniya ce. Fataken Gadamas da Tarabulus sun zauna a Kano har aka sami unguwar Dandalin Turawa, tun lokacin da kalmar Bature take nufin Balarabe. Tarabulus kuwa ta shiga hannun Daular Usmaniyya a 1551. Shi ya sa ban yi mamaki ba da na ji matan Kano suna ambaton bakilawa cikin kayan toye-toye. A Istanbul wannan abin zaƙi har biki gare shi: ranar 15 ga Ramadan akan fito da farantansa daga fadar Topkapi a raba wa sojojin Janisari, faranti ɗaya ga mutum goma, su ɗauka su yi jerin gwano zuwa barikinsu, al'adar da ta tsaya a 1826 da aka rusa rundunar. Tamu bakilawar ta sauya kama, soya ta ake yi a mai a tsoma a zuma ko sukari, amma sunan ya ƙi ɓacewa.

Wannan ne ya ba ni ƙarfin halin yin gwaji. Na ce bari in shirya wa abokai biyar walima irin wadda mai sarauta a ƙasar Zamfara zai iya ci kafin kayan gonar Amurka su iso Afirka ta Yamma, wato abubuwan da duniyar nan tamu ba ta sani ba sai bayan 1492. Na ɗauka aikin yini guda ne. Na shiga kasuwar Talata da takarda a hannu ina soke sunaye. Barkono ya fita, da tattasai da attaruhu da tumatir. Masara ta fita, rogo da dankali suka bi ta. Da na zo kan gyaɗa sai gabana ya faɗi, domin ta tafi da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ke nan hocen da muke alfahari da shi ya rasa abokin tafiyarsa na yau. Kabewa ma baƙuwa ce, saboda haka miyar taushen da na sani ba ta tsira ba.

Na kai ƙarata wajen goggona, ƙanwar mahaifina, wadda ta haura shekara tamanin. Ta bar ƙauyensu da ke yankin Maradun ba don tana so ba, yanzu tana zaune a ɗaki guda a gidan jikanta a Mafara. Na zayyana mata abin da nake nufi. Ta dube ni tsawon lokaci, ta ce, "Kai ɗan nan, miya babu tonka? Wanga karatu naku bai barin mutum ya huta." Na ce, "Goggo, ki yi haƙuri, so nake in ji abin da kakanninki suka ci." Ta yi shiru, sa'an nan ta fara lissafi da yatsu: masoro, kimba, citta mai ƙwaya, citta mai yatsu, kanumfari. Ta ce in aka daka waɗannan da kyau, ba wanda zai nemi tonka. Maimakon tumatir ta ce a nemo gauta da ɗan sure, maimakon man gyaɗa a sa man shanu ko man kaɗe, kaurin miya kuma a samo shi daga riɗi. Gishiri ta ce na kantu, irin wanda ayarin Buzaye ke kawowa daga Bilma. Dunƙulen ɗanɗano na kanti ko sunansa ba ta ambata ba, daddawar batso ta ce a sa.

Ita ta tsaya a kan matata da 'yata, tana zaune bisa tabarma tana ba da umarni. Aka yi tuwon dawa da miyar kuka da naman rago, aka yi hoce da man shanu, aka dama fura da zuma. Ni kuma na ce sai na gwada sikbaj da hannuna. Ba ni da ruwan khal na inabi, na jiƙa tsamiya, na sa dabino da albasa da yalo. Nawa ya lalace, tsami ya yi masa yawa har wani abokina ya tambaya ko maganin shawara na dafa. Littafin al-Bagadadi yakan faɗi abin da za a zuba da lokacin zuba shi, amma sau da yawa yakan bar awo ga hankalin mai girki, ni kuwa hankalina a nan bai kai ba. Miyar Goggo ce aka sharce har ƙasan tukunya. Yajinta a hankali yake hawa, yana ɗumama maƙogwaro da ƙirji, ba ya ƙona harshe irin na attaruhu. Mutum biyar masu digiri muka zauna, babu wanda ya taɓa ɗanɗana irinta, alhali a ƙasar da aka haife mu aka san ta.

Ba zan yi da'awar cewa abin da muka ci shi ne ainihin abincin zamanin Birnin Zamfara ba. Goggo ba ta rayu a wancan zamani ba, ita ma da tonka ta girma. Abin da ta riƙe dabaru ne da ta gada daga tsofaffin da suka rene ta, na yadda ake yi idan babu wannan ko wancan, a shekarar fari ko lokacin da kasuwa ta yi nisa. Iyakar abin da muke da shi ke nan. Malamanmu na ƙarni na 19 sun rubuta fiƙihu da tarihi da mulki, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello har littattafan magani ya bari, girki kuwa aka bar wa mata, su kuma suka riƙe shi da ka da hannu. Ɗan abin da baƙi suka rubuta bai taka kara ya karya ba. Ibn Battuta, da ya ziyarci Mali a 1352, ya ambaci acca da ake yin kuskus da ita, ya ambaci man kaɗe, ya kuma ba da labarin wani fate da ya ci ya kwantar da shi wata biyu. Matafiyi ne mai ƙorafi, bai tsaya tambayar yadda ake dafa komai ba.

Na san abin da wani zai ce, domin an riga an faɗa mini a fuska: mutane na gudun hijira, gonaki sun gagara zuwa, mudun gero ya fi ƙarfin talaka, kai kuma kana zancen walimar tarihi? Maganar tana da nauyi, ban raina ta ba. Amma gudun hijirar nan ita ce ta sa nake gaggawa. Ilimin girki a ƙauye yake zaune, tare da itacen ɗorawa da kaɗanya da ɗinya, tare da turmi da murhu da kishiyoyi da surukai da ke koya wa juna. Tsohuwar da aka raba da waɗannan aka ajiye ta a ɗakin haya a gari, tana cin taliyar leda daga hannun jika, ba ta da inda za ta nuna abin da ta sani, ba kuma mai tambayarta. Ko a shekarun zaman lafiya abincin ya riga ya fara sauyawa. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Bakalori a 1978, noman rani ya sa shinkafa ta zama cimar yau da kullum a Mafara da Bakura, abin da a da sai ranar Sallah ko biki a gidaje da yawa. Wancan sauyi a hankali ya zo, na yanzu kuwa a dare ɗaya yake kwashe ƙauye.

Aikin ba ya bukatar kwangila. A Talata Mafara akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da Jami'ar Jihar Zamfara, a Bakura akwai kwalejin aikin gona. Ɗalibai na rubuta kundin kammala karatu duk shekara, da yawa a kan batutuwan da aka riga aka tauna. Me zai hana malaman Hausa da na tarihi da na kimiyyar abinci su tura 'yan mata daga cikinsu wajen tsofaffi, kowace da wayarta da littafin rubutu da ma'auni? A naɗi murya, a auna abin da tsohuwa ta ɗebo da tafin hannu kafin ta zuba, a rubuta kwana nawa daddawa ke yi a rufe da irin ganyen da ake rufe ta da shi. Mary Smith ta zauna da tsohuwa guda a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, hirar ta zama littafin Baba of Karo a 1954, wanda masana ke karantawa har gobe. Su kuma iyayen ƙasa, Sarkin Mafara da Sarkin Burmin Bakura da Sarkin Kayan Maradun, roƙona gare su ƙarami ne: a walimar bayan hawa a ware akushi guda na abincin da, a faɗa wa baƙi sunansa da sunan unguwar da aka dafa shi.

Ni dai na sayi littafin rubutu mai shafi tamanin. Mun yi da Goggo cewa duk Juma'a bayan la'asar zan je. Makon jiya mun fara da daddawar batso, muka tsaya a wajen ruwan toka, domin ta ce ba kowace toka ba ce, kuma sunan karan da ake ƙonawa ya kwanta mata. Ta ce in dawo, za ta tambayi wata tsohuwar maƙwabciyarsu da aka ce ta sauka a Bakura.