Wa Ya Cusa "h" a Cikin Acilafiya?

A ƙasar Kazaure akwai wani gari wanda duk Bahaushen da ya ji sunansa sai ya ji kamar fatan alheri ake yi masa a bakin akushi: a ci lafiya. Amma in an duba takardun hukuma sai a tarar an rubuta Achilafiya. Wannan harafin "h" ba shi da aikin fari balle na baƙi a wurin. Turawan farko suka kawo shi, gama su da "ch" suke rubuta wannan sauti. Haka Kyaftin Clapperton, da ya zo wurin Sarkin Musulmi Bello cikin 1824, ya rubuta Sakkwato "Sackatoo". Shi baƙo ne, ba a ga laifinsa ba.

Abin haushi ɗan gari ne. Mutum ya sha wuya a ajin yaƙi da jahilci, ya koyi cewa "c" kaɗai ya isa, ya rubuta sunan garinsu daidai a bayan ambulan, sai wani mai ɗan guntun Turanci ya yi masa dariya, wai bai iya rubutu ba. To, wane ne bai iya ba? Mai dariyar ya ɗauko Magana Jari Ce na Abubakar Imam, ya nuna inda "h" yake a cikin Ce.

Sai su ce ai Turanci shi ne ma'auni. Ashe? Turancin nan ko kurkuku iri biyu yake rubuta shi, "gaol" da "jail", faɗarsu kuwa ɗaya ce sak. Na farkon tsohon rubutu ne daga Faransancin Normawa, waɗanda suka ci Ingila cikin 1066. Lafazinsa na asali ya mutu, rubutun ya maƙale a takardun shari'a. In kuwa akawu ya yi garaje ya juya haruffa biyun tsakiya, sai ya koma "goal", watau ragar ƙwallo. An ɗaure ɓarawo wata shida a raga ke nan! Mutanen Amurka sun yar da shi tun tuni, a Ingila ma "jail" ya rinjaya.

Masu abu suna gyara nasu, Bahaushe kuwa ana so ya riƙe tsumman da baƙo ya bari. Hukuma ta ci gaba da rubuta Bauchi da Bichi a taswirarta in ta ga dama. Amma malamin da ya ja jan biro a kan Acilafiya cikin wasiƙar Hausa, lalle a tambaye shi a wace ƙa'ida ya gani.