Kafin Mu Ga Laifin Uwa

'Yan'uwa matasa, ba wuya a ce wa uwa ta ba jaririnta nono zalla wata 6. Amma ku dubi 'yan asalin ƙasar Kanada. A da, an shafe fiye da shekara 100 ana ƙwace 'ya'yansu ana kai su makarantun kwana, yawanci a hannun ikkilisiyoyi. Abin kunya ne a gare mu. Yarinyar da ta tashi ba uwa ba kaka kusa, wa zai koya mata shayarwa? A Neskantaga kuwa, wani ƙauyensu, tun 1995 aka ce sai an tafasa ruwa a sha, kuma da shi za a dama madarar gwangwani. A ganina, gwamnati da ikkilisiyoyin nan su gyara ruwan, su ɗauki nauyin horar da ungozoma daga cikin mutanen.