Suna Ɗaya, Magunguna Biyu: Wani Giɓi a Hausar Asibiti

A Hausar rediyo da ta allunan asibiti, "maganin kashe ƙwayoyin cuta" suna ne da ya haɗe abubuwa biyu waɗanda likitanci ya raba tun tuni. Akwai wanda ake shafa wa fata ko rauni, kamar aidin da sifirit. Akwai kuma wanda ba a yarda ya taɓa jiki ba, sai dai daɓe da gado da kayan aiki, kamar ruwan kulorin mai ƙarfi. Wani lokaci ma sunan nan kan haɗa da magungunan sha da na allura.

Mai ganin wannan gardamar masu ƙamus ce kawai, sai ya tuna da annobar Ebola ta 2014. A lokacin, ruwan kulorin mai ƙarfin kashi 0.5 cikin ɗari shi ake fesa wa daɓe da kayan da majinyaci ya ɓata, na wanke hannu kuwa kashi 0.05 ne. Sinadarin ɗaya ne, amma na farko ya ninka na biyu sau goma, kuma yana iya ƙona fata. Ma'aikacin shara da aka ce wa "ka sa magani" ba a faɗa masa komai ba.

Al'amarin cibiyar jarirai ya fi tayar da hankali. Nijeriya ta karɓi kuloheksidin domin shafa wa cibiya, maimakon gashi da tsumma mai zafi ko shafa man goge baki, kuma zaɓi ne mai kyau. Sai dai a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa a wasu ƙasashen Afirka an riƙa ɗiga shi a idon jarirai bisa kuskure, har wasu suka makance. Kwalbar ta yi kama da ta maganin ido, rubutun jikinta kuma ba da harshen uwar jaririn yake ba.

Saboda haka zaɓen magani bai ƙare a kwamitin sayen kaya ba; da sauran aiki a sassan Hausa na jami'o'i. Ana buƙatar sunaye biyu gajeru, kowanne ya ambaci inda ake sa shi: "na fata" da "na kaya", alal misali. Kalmar "tsarki", duk da daɗinta a kunne, gara a bar wa fiƙihu kayansa, don kada a ɗauka abin da ya tsarkaka a shari'a ya rabu da ƙwayoyin cuta. Sannan kafin a shigar da sunayen ƙamus, a gwada su a bakin ungozoma da masu jinya, a ji abin da suka fahimta.